An Sayar Min da Takardar Roba da Tawada Ba Ta Kamawa

Wallahi raina a ɓace yake. Kwana uku ke nan ina fama da takardar roba da na saya don buga katunan da ruwa ba zai lalata ba. An rubuta ɓaro-ɓaro a jikin kwalin cewa tana aiki da firinta mai fesa tawada. Ƙarya ce tsagwaronta.

Shafin farko da ya fito, baƙin rubutun ya taru ɗigo-ɗigo kamar raɓa a kan leda. Na ajiye shi har gari ya waye, ina ɗora yatsa sai ga suna da lamba sun biyo yatsana. Hoton kuwa ba a magana: ja ya kutsa cikin rawaya, fuskar mutum ta yi dabbare-dabbare. Tayoyin da ke jan takarda suka kwashi ɗanyar tawada suka dinga shafa wa duk shafin da ya biyo baya.

Da na koma wurin mai sayarwa, buɗar bakinsa sai ya ce wai firintata ce ba ta da kyau. Ita ce fa take fitar da hoto tas a takardar hoto! Tawadar irin wannan firinta yawancinta ruwa ne. Takardar da muka saba da ita zaren itace ce, tana shanye ruwan. Ta roba kuwa da wani nau'in roba mai suna folifurofilin aka yi ta, ba ta shan komai. Dole sai an shafa mata wani siririn rufi mai ƙananan ramuka, galibi na silika ko alumina, wanda zai tsotse ruwan ya riƙe launin a sama. Shi ke sa baƙi ya fito wuluk, gefen harafi ya tsaya tsaf. Wadda aka ba ni ba ta da shi, sai sheƙi da santsi. Farin takardar da mai sayarwa yake ta yabo, ina amfaninsa idan rubutu bai zauna ba?

Har da ba ni shawara in gwada firintar leza, wadda ke manna hoda a takarda da zafi maimakon fesa tawada. Folifurofilin yana narkewa a wajen digiri 160, zafin da ke manna hodar leza kuwa yakan wuce haka. So yake takardar ta narke a ciki in rasa injin ma?

Tawadata ta ƙare a banza, mai aikin yana ta kira, ni na rasa bakin magana. A maido min da kuɗina, a kuma cire wannan rubutun daga kwalin kafin a cuci wani.