Tarihin siyasar duniya ya fi ƙarfin bidiyon minti goma

Na kalli bidiyon nan da ake ta turo mini tun shekaranjiya, kuma zan faɗa ba tare da kwana-kwana ba cewa maganar bawan Allahn nan kuskure ce mai cutarwa, domin akwai ɗalibai da za su ji ta su fara raina abin da suke karantawa. Wai shekara huɗu a jami'a ana karatun tarihin siyasar duniya ɓata lokaci ne, tunda duk abin da ake koyarwa a can mutum zai same shi a wayarsa cikin minti goma. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne misalin da ya kawo da bakinsa don ya nuna ya san kan abin, wato cewa a taron Balin, babban birnin Jamus, Turawa suka shimfiɗa taswira a kan tebur, suka ɗauki rula suka yanka Afirka a zama ɗaya. Da wannan misalin kaɗai ya kayar da kansa.

Ɗalibin aji biyu zai gyara masa. Taron da Bismak, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, ya kira ya zauna daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885, ƙasashe 14 suka halarta, kuma babu wakilin Afirka ko ɗaya, wannan duk gaskiya ne. Sai dai takardar da suka sa wa hannu ƙa'idoji ta ƙunsa: 'yancin zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da kogin Neja, 'yancin ciniki a yankin Kwango, da sharaɗin cewa duk wanda ya kama wani yanki a gaɓar teku sai ya sanar da sauran, ya kuma kafa iko na zahiri a wurin. Iyakokin kansu daga baya suka zo, cikin shekaru masu yawa, ta hanyar yarjejeniyoyi tsakanin ƙasa da ƙasa, da yaƙe-yaƙe, da ciniki irin na ka bar mini nan in bar maka can. Wannan bai rage ko ƙwayar zarra daga zaluncin da aka yi ba. Amma wanda ya haddace labarin rula ba zai taɓa tambayar wa ya yi turjiya, wa ya sa hannu, kuma me ya sa wata iyaka ta bi kogi wata ta ratsa tsakiyar al'umma ɗaya ba, domin an riga an ba shi amsar da ta rufe ƙofar tambaya.

Abin da nake so a gane ke nan: jin labari daban, sanin yadda aka san labarin daban. Na biyun shi ake zuwa jami'a a koya, kuma shi ne bidiyo ba ya bayarwa.

Ni kaina da tunanin irin nasa na shiga. Ban manta ranar da malaminmu ya raba mana takardu biyu a kan rikicin makamai masu linzami na Kyuba na Oktoban 1962 ba, lokacin da Amurka ta nemi Tarayyar Sobiyet ta janye makaman da ta girke a Kyuba. Ɗaya wasiƙar da shugaban Amurka Kenedi ya aika wa shugaban Sobiyet Kurushof ce, wadda aka fitar wa duniya, ɗayar kuma rahoton da jakadan Tarayyar Sobiyet a Amurka, Dobrinin, ya aika Mosko bayan ganawarsa da ƙanin shugaban, Robat Kenedi, ranar 27 ga wata. Na zauna na cika shafi huɗu da bayanin abin da ya faru daki-daki, ina jin na burge. Takardata ta dawo da jan biro a gefe, tambayoyi uku kawai: wa ya rubuta, wa yake gaya wa, me yake so ya samu? Sai da na koma na sake karantawa a hankali na ga cewa wasiƙar fili ba ta ambaci makaman Amurka da ke Turkiyya ba, alhali rahoton sirri ya nuna an ba da tabbacin janye su, bisa sharaɗin kada a faɗa. An kuwa janye su a 1963. Fiye da shekara ashirin da biyar yawancin duniya ta zauna a kan cewa Amurka ta tsaya ƙyam ne har Sobiyet ta ja da baya, kuma shugabanni da dama sun ɗauki darasin taurin kai daga labarin da rabinsa aka ɓoye, sai a ƙarshen shekarun 1980 waɗanda aka yi abin da su suka amsa cewa musaya aka yi.

Irin wannan ba sau ɗaya ba ne, ba sau biyu ba. Tarayyar Sobiyet ta yi shekara hamsin tana musun cewa yarjejeniyarta da Jamus ta Hitila ta Agustan 1939 tana da ɓoyayyen sashe na rabon Gabashin Turai, sai a 1989 ta amsa. Juyin mulkin da ya kifar da Firaminista Musaddiƙ a Iran a 1953, sai a 2013 hukumar leƙen asirin Amurka ta saki takardun da ta amsa hannunta a ciki. An kashe Lumumba, firaministan farko na Kwango wadda Beljiyam ta yi wa mulkin mallaka, a Janairun 1961, amma sai a 2001 kwamitin majalisar dokokin Beljiyam ya ɗora wa gwamnatin ƙasar ta wancan lokaci wani kaso na alhakin. Wanda ya karanta wannan fanni ya san cewa abin da gwamnati ta faɗa ranar da abu ya faru shaida ce guda ɗaya daga cikin shaidu, sai an auna ta da wasu. Ya kuma san kishiyar wannan, cewa ba kowane zargin maƙarƙashiya ne gaskiya ba, sai wanda takarda da shaida suka tabbatar. Tsayawa a tsakanin saurin yarda da saurin zargi horo ne, kuma ba a samunsa sai an rubuta an gyara maka, ka sake rubutawa a sake gyara maka.

Na ga masu cewa ai Turawa ne suka rubuta tarihin, don haka karanta shi shan gubarsu ne. Wannan hujja ce ta a karanta, domin ba a kama mai ƙarya sai an san abin da ya faɗa da abin da ya tsallake. Masanan Turan ma ba bakinsu ɗaya ba. Sama da shekara ɗari ke nan ana jayayya a kan wanda ya jawo Yaƙin Duniya na Ɗaya, tun daga sashe na 231 na yarjejeniyar Basai ta 1919 da ya ɗora wa Jamus da ƙawayenta alhakin ɓarnar, zuwa Bajamushen masani Firits Fisha da ya tayar da ƙura a ƙasarsa a 1961 da ya ce shugabannin Jamus sun nemi yaƙin da gangan, zuwa na baya da suka ce laifin ya ratsa manyan ƙasashen duka. Ɗalibi yana karanta su ne ya ga inda kowa ya samo hujjarsa. Sannan a wannan fannin ne zai haɗu da taron Bandun na ƙasar Indunisiya na Afrilun 1955, inda ƙasashe 29 na Asiya da Afirka suka zauna ba tare da iyayen gidansu na da ba, abin da masu gajeren bidiyo ba su cika waiwaya ba saboda babu harbe-harbe a cikinsa.

Masu tambayar aikin me za a yi da digirin kuwa, ba zan daɗe a kansu ba. Tambaya ce mai kyau, amma ba ita bawan Allahn ya yi ba. Cewa ya yi babu ilimi a ciki. Mutumin da zai iya karanta takarda mai shafi hamsin ya fitar da abin da ta ce da abin da ta ƙi cewa, ana bukatarsa a aikin jakadanci da jarida da koyarwa da duk inda ake sa hannu a yarjejeniya.

Ina roƙon ɗaliban da maganar ta karya wa gwiwa su dubi labaran da ake yi yau. Duk lokacin da wani ƙuduri ya mutu a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya saboda ƙasa ɗaya ta hau kujerar na-ƙi, sai ka ga mutane suna mamaki kamar yau aka fara. Ku kun san an amince da tsarin ne a taron shugabannin Amurka da Birtaniya da Sobiyet a Yalta a Fabrairun 1945, kun san an yi hakan ne bayan an ga yadda tsohuwar Ƙungiyar Ƙasashe, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta zauna ba Amurka a cikinta, ta kuma kasa hana Italiya mamaye Habasha a 1935. Kuna iya ƙin tsarin, ni ma ina da ja a kansa, amma kuna ƙinsa ne da sanin dalilin da ya haife shi, kuma wannan sanin ne ke ba mutum damar faɗin abin da za a maye gurbinsa da shi.

Ƙorafina ɗaya a kanku shi ne taswira. Na zauna da ɗalibai masu ƙoƙari waɗanda za su kawo maka shekarun yarjejeniyoyi a ka, amma in ka ce su nuna maka mashigin ruwan Bosforus da ke Turkiyya sai yatsa ya yi ta yawo. Wanda bai ga yadda Bahar Aswad take da ƙofa ɗaya tak zuwa Bahar Rum ba, ba zai gane me ya sa yarjejeniyar Manturo ta 1936 ta ba Turkiyya iko a kan wucewar jiragen yaƙi ba, balle ya gane abin da Turkiyya ta yi a ƙarshen Fabrairun 2022, bayan Rasha ta kai wa Yukiren hari, da ta yi amfani da wannan tsohuwar takarda ta taƙaita wucewar jiragen yaƙi ta mashigin. Ku sami taswirar duniya babba ku manna a bangon ɗakinku, inda idonku zai riƙa sauka a kanta kullum.