Ɓarawon Harami ba ya zare wuƙa, sallama yake yi da Hausa

Mutumin da ya saba bin hanyar Birnin Gwari da zuciya a hannu, idan ya sauka Makka ya ga mai shagon dabino ya ja ƙyalle ya lulluɓe kayansa ya tafi salla, ya ga mata suna tafiya Harami ƙarfe ukun dare babu mai tare su, sai hankalinsa ya kwanta. Yana da hujja. Ba kasafai ake jin fashi da makami a titunan Makka da Madina ba, askarawa suna ko'ina, kyamarori kuma sun cika masallatan biyu da harabarsu. Sai dai wannan kwanciyar hankalin ita ce jarin ɓarawon da ke can. Kowace shekara alhazai da masu Umra daga Najeriya da Nijar suna rasa guzurinsu a kwanakin farko, wasu tun kafin su gama ɗawafin isowa, kuma kusan duk hanyoyin da ake bi a cuce su sanannu ne, ba sa canjawa. Abin da ke ba ni takaici shi ne bitar da ake yi wa maniyyata a gida takan ƙare a kan farillai da wajibai, maganar tsare kai sai a dunƙule ta a jimla ɗaya: a kula da kaya. Wannan bai isa ba.

A fara da cunkoso, domin a nan ɗan sane yake cin kasuwarsa. Wuraren da aka fi yanke aljihu su ne inda jiki ke gogar jiki kuma hankali ya tafi ga ibada: kusurwar Hajarul Aswad, Multazam, bayan Maƙama Ibrahim, bakin matakala mai tafiya da kanta bayan an sallame salla, ƙofofin fita kamar ta Sarki Abdul'aziz da ta Sarki Fahad, da wajen turereniyar hawa bas. A Madina kuwa shiga Rauda, musamman ɓangaren mata. Ba mutum ɗaya ke aikin ba. Ɗaya ya tsaya cak a gabanka kamar yana addu'a, na baya ya matso ka, na gefe ya sa reza ya tsarge jakar, abin da ya ciro ya miƙa wa wani ya wuce. Ko ka juyo ka kama hannun wanda kake zargi, ba za a samu komai a jikinsa ba.

Kayan harami ba su da aljihu, shi ya sa maza ke ɗaura bel mai zif. Kuskuren da ake yi shi ne a bar aljihun bel ɗin a bayyane, ko ya juya ya koma ƙugu ta baya. A juyo da shi saitin cibiya, a naɗo bakin zanen harami na ƙasa a rufe shi. Mace ta rataya ƙaramar jaka a wuya ta cikin hijabi, ta kwanta a ƙirji, domin jakar da aka goya a baya ko aka saƙala a kafaɗa ba ta da mai tsaro. Sannan kada a shiga masallaci da guzuri gaba ɗaya. Riyal 50 zuwa 100 sun ishi mutum abinci da mota na yini. Sauran a kasa su biyu: kashi ɗaya a kulle a akwati mai kwaɗo ko a ɗan akwatin ƙarfen otal, ɗayan a ajiye a wani wurin daban, yadda in an yi asarar ɗaya ba za a wayi gari babu ko kuɗin shayi ba.

Akwai wurare biyu da mutane ba sa kawowa a rai. Na farko banɗakunan da ke ƙarƙashin haraba. Mutum ya kwance bel ya rataya a saman ƙofa ya tsuguna, hannu ya ziro ta sama ya zare, kafin ya kimtsa ya fito mai hannun ya saje da ɗaruruwan masu fararen kaya iri ɗaya. A rataya bel a wuya, ko da zai takura. Na biyu barcin bayan Asuba a cikin masallaci, waya a gefen kai ko a jikin caji. Wanda zai kwanta ya sa wayar a bel ya kwanta a kanta.

Amma asara mafi ciwo takan zo ne da sallama da gaisuwar gida. Tsoho ya fito daga masauki a Misfala ko titin Ibrahim Khalil, bai iya Larabci ba, bai taɓa riƙe dala ba, sai ga saurayi: “Sannu Baba, daga wace jiha? Ai ni ma can ne asalina.” An ce da ɗan gari kan ci gari, to ga ɗan gari ya samu. Ya karɓi dalolin zai taya shi ƙirgawa ko ya kai shi inda canji ya fi tsoka, ya mayar masa da su a naɗe, ya ce ya jira yana zuwa. Sai an je wurin canji na gaskiya a tarar takardun dala 100 sun zama na dala ɗaya-ɗaya. Dabarar tana ci ne saboda takardun kuɗin Amurka duk girmansu ɗaya, launinsu kuma ya yi kusa da juna. Rigakafinta lissafi ne mai sauƙi da ya kamata kowane maniyyaci ya haddace. Tun 1986 aka ɗaure riyal da dala a kan 3.75, saboda haka dala 100 riyal 375 ce, shagon canji mai lasisi zai rage ɗan abin da bai taka kara ya karya ba ya kuma ba da rasit. Guzurin dala 500 da aka riƙa bai wa alhazan Najeriya a 'yan shekarun nan riyal 1,875 ke nan. Duk wanda ya ce zai ba da fiye da wannan farashi, akwai abin da yake nema. A canja dala 100 a lokaci guda, da hannunka, a kan kantar shagon, ka ƙirga kafin ka juya baya. A san launin riyal ma: ta 500 shuɗiya, ta 100 ja, ta 50 kore.

Dole a yi adalci a nan. Hausawa sun yi ƙarnuka suna zaune a Makka da Madina da Jidda, kuma 'yan'uwanmu na Shara Mansur da sauran unguwanni su ne ke dafa wa alhaji tuwon da yake marmari, su yi masa tafinta a asibiti, su mayar da tsohuwar da ta ɓata masaukinta ba tare da sun karɓi ko sisi ba. Ɓatagarin 'yan kaɗan ne, wasunsu ma ba mazauna ba ne, da bizar Umra suke shigowa don wannan sana'ar. Don haka ba ana cewa a guji duk mai jin Hausa ba. Ƙa'idar ita ce kuɗi da fasfo da waya ba sa barin hannunka zuwa hannun wanda ka sani yau, komai daɗin bakinsa.

Irin wannan taimako na ƙarya yana da rassa. Akwai masu kewaye mutum a filin ɗawafi su ce za su kai shi ya sumbaci Hajarul Aswad, su ture bayin Allah su cusa shi, sannan su tsare shi sai ya biya ɗaruruwan riyal, wani lokaci bel ɗin ma ya tafi a cikin turereniyar. Sumbatar dutsen sunna ce, nuni da hannu daga nesa ya wadatar, cutar da Musulmi kuwa haramun ne. Akwai masu tura keken marasa ƙarfi ba da izini ba, a yi ciniki a kan ɗawafi da sa'ayi, su yi zagaye huɗu ko biyar su ce an gama. A nemi masu rigar aiki da lamba a wuraren da hukumar masallaci ta ware, mai hawa kuma ya riƙa ƙirga zagayensa da kansa. Sai masu hadaya, waɗanda ke bin masaukai suna cewa za su yanka rago a rabin kuɗi. Shirin yanka hadaya na Saudiyya, Adahi, shi ne hanyar da hukuma ta amince da ita, kuma kuɗinsa ya haura riyal 700 a shekarun nan. Wanda ya karɓi 300 ya nuna maka hoton rago a waya, hoton nan mutum nawa ya nuna wa?

Mafi haɗari a cikinsu masu sayar da takardar izinin Hajji ta bogi ga wanda ya shigo da bizar ziyara. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu, kashi 83 cikin ɗari ba su da izini, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin zafin da ya haura digiri 50 ba tanti ba mota. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai riyal 20,000, da kora, da hana shiga ƙasar shekara 10.

Yanzu ga ɓangaren da na fi so malaman bita su tsaya a kai, wato yadda mai gaskiya ke zama wanda ake tuhuma. Ɗan sane idan ya kwashe kuɗi yakan yar da jakar a ƙasa. Alhaji ya gani, tausayi ya kama shi, ya duƙa ya ɗauka don ya nemi mai ita, mai jakar ya hango ta a hannunsa ya yi ihu, kyamara kuma ta nuna shi riƙe da ita. Da wane Larabcin zai kare kansa? Hadisi ingantacce ya hana ɗaukar tsintuwar Makka sai ga mai cigiyarta, kuma baƙon da zai koma gida bayan mako uku ba shi da halin cigiya. In ka ga waya ko jaka ko kuɗi a ƙasa, nuna wa askar ko ma'aikacin masallaci da yatsa ka wuce.

Wani lokaci kuma ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. A Disambar 2018 aka kama wata ɗaliba a Madina saboda jakar ƙwayar tramadol da aka liƙa wa sunanta a filin jirgin Malam Aminu Kano ba da saninta ba, ta yi wata huɗu a tsare kafin binciken hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Najeriya, NDLEA, ya wanke ta a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019. Safarar ƙwaya a Saudiyya laifi ne da ke kai ga hukuncin kisa, kuma an dawo da zartar da shi tun ƙarshen 2022. Saboda haka a wurin auna kaya ka tsaya da kanka, ka ƙirga jakunkunanka, ka ƙirga 'yan takardun shaidar kaya da aka liƙa maka a tikiti ko fasfo, lambobin su zo daidai. In jaka biyu ka ba da aka ba ka takarda uku, kada ka motsa daga wurin sai an warware. Ka ɗauki hoton jakunkunan da takardun, ka tura wa wani a gida. Kada ka miƙa wa ɗan kamasho fasfonka ya je ya auna maka. Saƙo kuwa, ko na maƙwabci ne, a buɗe shi a gabanka, gari ko yaji ko maganin gargajiya da ba ka san haɗinsa ba ka ba da haƙuri. Goro ma an hana shiga da shi. Mai shan magani mai ƙarfi ya tafi da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Mai ɗauke da kuɗi ko zinare da suka kai riyal 60,000 wajibi ne ya bayyana wa kwastam, a shiga da fita.

A kan mota, a yi ciniki kafin a shiga, ko a kira ta manhajar Uber ko Careem inda sunan direba da lambar mota ke rubuce. Mace kada ta hau motar da ba ta haya ba ita kaɗai, ko zuwa Tan'im ɗaukar harami ne. In da namiji a tafiyar, shi zai fara shiga, shi zai fita a ƙarshe. Matar da aka taɓa a cunkoso ta ɗaga murya nan take, akwai jami'ai mata a masallatan, kuma dokar 2018 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu da tarar da ta kai riyal 100,000 ga mai cin zarafi.

Idan abin ya riga ya faru, kunya ce ke ƙarasa ɓarnar. Da yawa sukan ce jarrabawa ce, su yi shiru, wasu har su koma roƙo a haraba, alhali bara laifi ne a can mai ɗaurin da ya kai wata shida ko tarar riyal 50,000. Haƙuri da ƙaddara bai hana kai rahoto ba. A je wurin askar mafi kusa a cikin mintunan farko, a faɗi lambar ƙofa da lokaci, domin da su ake bin hoton kyamara. Lambar gaggawa a Makka da Madina 911 ce, ta kula da alhazai 1966. A toshe katin banki da layin waya. In fasfo ne ya ɓata, takardar rahoton 'yan sanda ita za a kai ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda a samu takardar komawa gida ta gaggawa, kuma aikin ya fi sauri ga wanda ke da hoton shafin fasfonsa da bizarsa a waya da kuma a takarda. Katin Nusuk, wato katin shaidar alhaji da Saudiyya ke bayarwa, da katin otal su zauna a wuya kullum.

Wasu na ganin irin wannan magana tana tsorata tsofaffi, ko tana rage wa ƙasa mai tsarki kwarjini. Ban yarda ba. Alƙur'ani da kansa, a Suratul Hajji, ya yi gargaɗi ga mai nufin zalunci a cikin Harami, wato dai an san za a samu mai nufin. Abin da nake nema daga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin alhazai na jihohi kaɗan ne: a ware zama guda cikakke a bita don wannan, a zo da takardar dala 100 da ta dala ɗaya da riyal na gaske kowa ya taɓa ya bambance, a gwada ɗaura bel a gaban jama'a, a raba kati da Hausa da ajami mai lambar jami'in masauki, sannan a sa ma'aikaci ya raka tsofaffi rukuni-rukuni zuwa shagon canji a ranar farko da suka isa Madina. Kamfanonin Umra masu zaman kansu, waɗanda wasu fasinjojinsu ba sa samun bita ko ta awa ɗaya, a sa musu wannan cikin sharuɗɗan sabunta lasisi.