Masu Raina Tsofaffin Labaran Mormon, Sun Karanta Su Kuwa?

Abin da ya ishe ni shi ne, duk lokacin da aka tashi yabon marubutan Mormon na yau (Mormon wata ɗariƙar Kirista ce da ta samo asali a Amurka), irin su Brandon Sanderson da Orson Scott Card, sai masu sharhin adabi su share kakanninsu da jimla guda: wai labaran farko wa'azi ne kawai aka sa wa riga. Daga nan sai su soma lissafi daga wajajen 1940, kamar kafin nan babu wanda ya taɓa riƙe alƙalami a Utah, jihar Amurka da ta zama cibiyarsu.

A duba halin da mutanen suke ciki tukuna. Brigham Young, wanda ya jagorance su zuwa Utah a 1847, ya sha sukar karanta ƙagaggun labarai, yana ganin ɓata lokaci ne. A waje kuma marubuta sun mai da su dodanni. A 1887 Arthur Conan Doyle, cikin labarin Sherlock Holmes na farko, ya zana su a matsayin makasa masu yi wa 'yan mata auren dole. Matasansu ba su daina karatu ba, abin da wasu suka rubuta a kansu suke karantawa. Shi ya sa a 1888 Orson F. Whitney, ɗaya daga cikin jagororin cocinsu, ya yi kira da a samar da adabin gida, har ya ci alwashin wata rana za su fitar da nasu Milton da Shakespeare, wato gwanayen adabin Ingila.

Susa Young Gates, 'yar Brigham Young ɗin da kansa, ta kafa mujallar 'yan mata a 1889, tana buga labarai a ciki. Amma wanda ya fi shiga jinin jama'a shi ne Nephi Anderson, haifaffen Norway, da littafinsa Added Upon na 1898. Ya ɗauko taurarinsa tun kafin a haife su, ya sauko da su duniya sun manta da juna, suka sake haɗuwa, ya bi su har bayan mutuwa. Aƙidar Mormon ta rayuwa kafin haihuwa, wadda a bakin mai wa'azi busasshen darasi ce, ta zama labarin soyayya da yarinya za ta karanta a ɗakinta. An yi ta sake buga shi kusan ƙarni guda, kuma wasan waƙa na Saturday's Warrior a shekarun 1970 a kan wannan tubalin ya tsaya.

Za a ce zubin littafin ba shi da ƙwari, mutanen cikinsa sun cika tsarki. To sai me? Ba sai ka yarda da aƙidarsu ba (ni ban yarda ba) kafin ka ga cewa littafin da ya koya wa al'umma guda yadda za ta hango kanta ya yi aikin da littattafan cin kyauta da yawa suka kasa. Mu da muka ga yadda aka yi wa littattafan soyayya laƙabin adabin kasuwar Kano don a rage musu daraja, mun san wannan girman kan.

Masu koyar da adabin Amurka su sa Anderson da Gates a manhaja, su bar ɗalibai su yi hukunci. In ma za a zage su, a karanta tukuna.