Fasasshiyar kwalba da darasin aikin hannu a makarantun Sakkwato

Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon ɗan jari-bola na tonon juji a Sakkwato ya san abin da ke shiga buhunsa. Ƙarfe yana shiga, gwangwanin lemo yana shiga, haka robar ruwa da tsohon silifa. Kwalba ma idan lafiyayya ce ba ta rasa masoya, don mai man gyaɗa da mai turare da mai maganin gargajiya duk suna jiranta. Amma da zarar ta fashe, shi ke nan ta zama marainiya. Ko dai magini ya dasa ta a kan katanga saboda ɓarayi, ko ta kwanta cikin rairayi tana jiran ƙafar almajiri.

Abin da ya sa na tuna da ita shi ne 'yar ƙanena, 'yar aji biyar a wata firamare da ba sai na kama suna ba. Ƙarshen zangon da ya wuce ta zo mini da sassafe ta ce, "Baba, an ce mu kai aikin hannu." Na ce to madalla, me za ki saƙa, faifai ko mafici? Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. "A'a Baba, kuɗi ake kaiwa. Wanda bai da kuɗi ya sayo tsintsiya." Da sakamako ya fito, ta ci maki mai kyau a aikin hannu, alhali hannun nata bai taɓa komai ba sai takardar kuɗin da na ba ta.

Ni a ganina wannan darasi ba zai farfaɗo ba sai an buɗe ƙofar makaranta ga mai sana'a na gaske, ya shigo da kayan aikinsa, a biya shi, a kira shi malam. Kuma aikin gilashi, duk da ba gadonmu ba ne a nan, yana nuna yadda hakan ke yiwuwa.

A garin Takoma na jihar Washington a Amurka aka haifi wani gwanin sarrafa gilashi, Dale Chihuly, wanda ayyukansa ke rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Yana cikin waɗanda suka kafa makarantar gilashi ta Pilchuck a 1971. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne shirin Hilltop Artists, wanda aka fara da hannunsa a 1994 a cikin wata makarantar gwamnati da ke wata unguwar Takoma da ta yi ƙaurin suna wajen rikicin matasa a lokacin. Yaran unguwa ake koya wa hura gilashi kyauta, har yau kuma shirin yana nan. Hikimar tana cikin yanayin aikin kansa. Narkakken gilashi ba ya jira, kuma mutum ɗaya ba ya iya masa: wani na juya sanda, wani na hurawa, wani na tsare ƙofar tanderu. Yaron da ba ya jin maganar kowa dole ya saurari abokin aikinsa, in ba haka ba abin da suka wahala a kai ya tarwatse a ƙasa.

Za a ce ai wannan Amurka ce, masu gas da lantarkin da ba ya ƙiftawa. Gaskiya ne. To mu dawo kusa. A yankin Krobo na Ghana, kwalaben da aka zubar ake wankewa, a daka su a turmi har su zama gari, a tankaɗe, a zuba garin cikin 'yan ramukan wani mazubi na yumɓu. A tsakiyar kowane rami ana soka ɗan karan ganyen rogo. Idan aka sa a tanderun ƙasa aka hura masa itace, garin sai ya haɗe ya zama dutsen ado, karan rogon kuma ya ƙone ya bar hudar da za a zura zare. Ba lantarki, ba inji. Waɗannan duwatsun ana sayar da su har Turai da Amurka. A Eswatini kuwa, masana'antar Ngwenya da tsofaffin kwalabe take aiki, kuma jama'ar gari har da 'yan makaranta ne ke tara mata su.

Ba ma sai mun tsallaka iyaka ba. Iyayenmu mata sun san ƙarau, sun kuma san daga inda yake zuwa. A unguwar Masaga ta Bida, Nufawa sun daɗe suna narka gilashi suna yin ƙarau da duwatsun wuya. A da su ke haɗa gilashin da kansu daga rairayi da kanwa, daga baya suka koma narka kwalabe saboda ya fi sauƙi. A 2021 UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen duniya masu fasahar aikin hannu. Bida kuwa ba baƙuwarmu ba ce, masarauta ce ta Daular Usmaniyya da ke ƙarƙashin Gwandu. Ɗauko gwani ɗaya daga Masaga ya yi zango guda a Sakkwato bai kai kuɗin taron bita ɗaya a otal ba.

Sai dai kada a fahimce ni baibai. Ba cewa nake a gina tanderu a kowace firamare ba. Garin da zafinsa ke haura digiri 40 a watan Afrilu ba wurin tsayar da yara gaban wuta ba ne sai da lissafi. Aikin hunturu ne. Garin gilashi kuma yana cutar da ido da huhu, dole sai da tabarau da takunkumi, dole kuma daka da gashi su zama na manyan ɗalibai a ƙarƙashin idon gwani. Ƙanana suna da nasu rabon: tara kwalabe, ware su launi-launi, shirya duwatsu a zare, ko liƙa gutsattsarin da aka goge wa kaifi a jikin bango da siminti su fitar da zane irin na dagi. Bangon makaranta da yara suka ƙawata da hannunsu ba ya zama wurin fitsari da wuri, domin duk wanda ya zo zai ɓata shi, ƙanensa ne ya yi.

Gilashin ƙofa ce kawai. Abin kunyar shi ne muna da gwanaye a cikin gari, tafiyar ƙafa daga makarantun da ake karɓar tsintsiya. Sunayen shiyoyinmu ma sun isa shaida: Maƙera Assada, Majema, Marina, Takalmawa, Madunka. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda ake jemewa da bagaruwa a rina da karan dafi, ita ce fatake suka riƙa ƙetara hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a cikin Usulus Siyasa cewa yana daga aikin shugaba ya kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, ya kuma tabbatar kowane gari yana da nasa. Kusan shekara 200 ke nan. Mu da muke alfahari da wannan gado mun mayar da shi abin karantawa a taron lacca.

Kwanakin baya na zauna a rumfar wani dattijo baduku ina jiran ya gyara mini jaka. Yana zaune a kan buzu, fata a kan gwiwa, basilla na shiga tana fita ba tare da ya duba ba. Na tambaye shi ko zai yarda ya je makarantar boko ya koya wa yara. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wa za ya kira ni? Ba ni da takarda. Kuma wanga aiki ba a koyonai ga allo, sai yaro ya soki yatsa nai sau ukku." Sai ya nuna mini wani yaro a gefe yana shafa wa fata mai, ya ce jikansa ne, shi kaɗai ya rage, sauran duk sun tafi kabu-kabu.

Maganarsa ta farko ita ce gaskiyar matsalar. Ba manhaja muka rasa ba. Tun tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980 aka sa koyon fasaha a ƙaramar sakandare, aka shigo da injina daga Turai, da yawansu suka tsufa a cikin akwatunansu saboda babu wuta, babu mai haɗa su. Daga baya aka ƙara darussan sana'a 34 a babbar sakandare, ciki har da aikin fata da rini. Amma wa ke koyarwa? Malamin da ya karanta yadda ake jima a littafi, ya rubuta a allo, yara su kwafa, su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Mutumin da ya shekara 40 yana jima ba shi da gurbi a tsarin albashi saboda ba shi da takardar NCE. Mun ɗaure kanmu da igiyar da muka tufka.

Na san hujjar da ta fi ƙarfi a kan wannan ra'ayi nawa, kuma ba na raina ta. Jihar da ke fama da ɗimbin yaran da ba sa zuwa makaranta, inda ɗan aji shida ke kasa karanta sunansa, ina ita ina wasa da kwalba? A fara gyara karatu da lissafi tukuna. Amsata ita ce, ku tambayi uban da ya cire ɗansa daga makaranta ya kai shi garejin kanikanci dalilinsa. Ba ƙin ilimi ba ne a kullum. Ya duba ne ya ga 'ya'yan maƙwabta sun gama sakandare suna zaune a bakin titi, ya ce gara nasa ya tashi da abin yi. Ranar da yarinya ta dawo gida da abin wuyan da ta yi da hannunta, uwarta ta sayar a gidan biki, ranar ce makarantar ta sami mai kare ta a wannan gida. Kuma lissafin ma yana cikin aikin: awon gari, ƙirgen duwatsu, kuɗin itace, riba da faɗuwa.

Akwai kuma abin da ba mu cika son faɗa ba. Har yanzu a cikinmu akwai masu ganin jima da ƙira da dukanci sana'o'in wasu gidaje ne, waɗanda ake sayen kayansu amma ba a ba su aure. Uba ɗan boko zai iya zuwa ya yi faɗa don an sa ɗansa taɓa ɗanyar fata. A nan baƙuntar gilashi ta zama alheri: ba gadon kowa ba ne a Sakkwato, don haka ba mai jin an ƙasƙantar da shi. Ɗan sarauta da ɗan majemi za su iya zama a tabarma ɗaya suna tankaɗe. In sun saba da hakan, shigowar baduku aji ba za ta zama abin mamaki ba.

Kasuwa fa? Duwatsun roba na Sin sun cika ko'ina, kuma arha gare su. Ba za a yi gasa da su a farashi ba, kada ma a yaudari yara da cewa za su yi arziki. Amma makaranta ba masana'anta ba ce. Ko da ɗaya cikin ashirin ne ya riƙe sana'ar, sauran sun koyi cewa abu yana lalacewa a sake shi, sun kuma koyi haƙurin jiran tanderu ya huce, don gilashin da aka fitar da gaggawa tsagewa yake.

Abin da nake tsoro shi ne a mayar da wannan shawara irin shirye-shiryen tallafin da muka saba gani: kwana biyar na horo, riga mai hoton mai girma, keken ɗinkin da ake sayarwa a bakin ƙofar wurin taro kafin la'asar. Aikin ba na biki ba ne. Makarantu uku ko huɗu sun isa a fara, kowace da gwani ɗaya daga shiyar da take, yana zuwa sau biyu a mako shekara guda cur, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko kwamitin iyaye na biyansa a kan kari. Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari na iya tura ɗalibanta masu koyon malanta su zauna tare da shi, su riƙe masa rajista da tsarin darasi, shi kuma ya riƙe basilla. A ƙarshen shekara a baje abin da yara suka yi a filin makaranta, a gayyaci iyaye da mai unguwa, kowane kaya da sunan wanda ya yi shi.

Da zan bar rumfar dattijon nan na sake tambayarsa, in an zo da gaske an kira shi fa, nawa zai nema? Ya ɗan yi shiru yana jan zare, sannan ya ce a ba shi abin da zai samu a rumfa na wannan yinin, a kuma ce wa yaran su cire takalmi in za su hau buzunsa.