Wanda Bashi Ya Karya, Ina Ƙofar Fitarsa?

Ina da maƙwabci mai sayar da atamfa da shadda. Ya fi shekara 10 yana ɗaukar kaya a hannun manyan diloli, ya sayar ya kawo kuɗi, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, sai kuɗin abin da ya sayar yau ya kasa sayo masa irinsa jibi, waɗanda yake bi kuma suka yi ɗif. Kafin shekara ta zagayo, mutum biyar ke binsa. Mai ƙarfin cikinsu ya sa aka kama shi, ya kwana biyu a caji ofis, sai da matarsa ta sayar da kayan ɗakinta aka ba wannan mutum ɗaya wani abu. Sauran huɗun ko sisi ba su gani ba.

Ranar da ya fito na same shi a zaure, wayarsa kife a kan tabarma tana ta kuka, ya ƙi ɗauka. Ya ce da ni: "Malam, ni fa ba gudu zan yi ba. So nake a tara su gaba ɗaya, a ƙirga abin da ya rage mini a raba musu, a bar ni in nemi abincin yarana."

Abin da ya roƙa ɗin nan, ba tare da ya sani ba, shi ne ainihin shari'ar karayar arziki. Kuma akwai ƙasashen da talaka ke samunta ba tare da ya san kowa ba.

A Ingila da Wales, wanda bashi ya yi wa katutu yana cike takarda ta intanet, ya biya fam 680, ya bayyana duk abin da ya mallaka da duk wanda ke binsa. Da zarar an amince an ayyana shi a matsayin wanda ya karye, masu bin bashi ba su da ikon matsa masa kuma. Sai su koma wurin jami'in da hukuma ta ɗora a kan dukiyarsa. Jami'in ne zai sayar da abin da ya dace a sayar, ya raba kuɗin gwargwadon abin da kowa ke bi. Ba a taɓa tufafinsa da shimfiɗarsa da kayan amfanin gida na dole, ba a kuma taɓa kayan sana'arsa, domin wanda aka ƙwace wa keken ɗinki an rufe masa hanyar biya ke nan. Bayan wata 12, a mafi yawan lokuta, ragowar bashin ya faɗi.

Abin ba kyauta ba ne. Gidan da ya mallaka ana iya sayar da shi. In yana da rarar albashi, za a riƙa yanka har shekara 3. Sunansa zai shiga rajistar da kowa ke iya dubawa, tabon kuma zai zauna a tarihin bashinsa shekara 6. A tsawon lokacin karayar ba zai zama daraktan kamfani ba, ba zai ranci fiye da fam 500 ba sai ya faɗa wa mai ba shi halin da yake ciki. Tarar kotu, da kuɗin ciyar da 'ya'ya, da bashin karatu, da duk abin da aka ci ta hanyar zamba, suna nan a wuyansa. Ga wanda ko fam 680 ɗin ba shi da su, tun 2009 suka buɗe wata ƙaramar ƙofa: in bashinsa bai wuce fam 50,000 ba, kuma ba shi da wata kadara ta a zo a gani, ana daskarar da bashin shekara guda, in halinsa bai sauya ba a yafe. A 2024 suka soke har fam 90 ɗin da ake biya kafin a shige ta.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma na faɗe shi: a kawo wannan nan, ai macuta sun samu. Mutum ya kwashi kayan jama'a, ya sa gidansa da sunan ƙaninsa, ya je ya ce ya karye. Tsoron yana kan hanya. Amma tsarin ya san da irin waɗannan. Dukiyar da mutum ya kyautar ko ya karyar da farashinta cikin shekara 5 kafin karayar, ana iya dawo da ita a raba. Wanda aka kama da rashin gaskiya ana iya tsawaita masa takunkumi har shekara 15. Sannan mu dubi namu halin na yau: wa ya fi macuci jin daɗinsa? Shi ne mai lauya, shi ne mai wanda zai buga wa waya. Mai gaskiyar da kasuwa ta juya wa baya shi ke kwana a bayan kanta.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda muke ɗaukar wannan magana kamar baƙuwa ce daga Turai, alhali tana cikin littattafan da muke karantawa a zaure. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. A Sahihu Muslim akwai mutumin da ya yi asara a 'ya'yan itacen da ya saya, bashi ya yi masa yawa, Annabi (SAW) ya sa aka tara masa sadaka, ba ta isa ba, sai ya ce wa masu binsa su karɓi abin da suka samu, ba su da wani abu bayan wannan. A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai bin Usaifi'u na ƙabilar Juhaina ya zo da safe a raba musu dukiyarsa. Risala kuwa ta faɗa ƙarara cewa ana tsare wanda ake bi ne don a gano gaskiyar halinsa, amma ba a tsare wanda ba shi da komai. Akwai bambanci, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: a wurin malamanmu ragowar bashin ba ya faɗuwa don shekara ta cika, yana jiran ranar da mutum ya samu, sai in an yafe masa ko an biya masa daga zakka, wadda waɗanda ake bi bashi ke cikin mutum takwas da ake ba ta. Amma tara masu bi wuri ɗaya, da raba musu daidai, da barin mutum da abin da zai ci shi da iyalinsa, duk namu ne tun fil azal.

A takarda, Najeriya ma tana da dokar karayar arziki tun 1979. Sai dai Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara, kuma wanda ya rasa kuɗin cefane ba shi zai ɗauki lauya zuwa can ba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta buɗe wa kamfanin da ya durƙushe hanyoyin farfaɗowa. A shekarar ce kuma Babban Banki ya ba bankuna damar cire kuɗin bashi daga duk asusun da ke ɗauke da lambar BVN ɗin mutum. Mai bi ya samu sabon makami, kamfani ya samu mafaka, ɗaiɗaikun mutane aka bar su da tsohuwar doka. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan rigimar ciniki ko saɓa yarjejeniya, amma wa ya isa ya karanta wa mai bindiga sashe na 32 da tsakar dare? Manhajojin ba da rance a waya kuwa sun gano cewa mutunci ne jinginar talaka, shi ya sa suke tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci.

Tunda tsarin mulki ya sa batun karayar arziki a hannun Majalisar Tarayya, ita ce za ta buɗe ƙaramar ƙofa mai araha, a kotun da ke kusa da mutane, da fom ɗin da za a iya cikewa da Hausa. Kafin nan, shugabannin kasuwa da hukumomin zakka na jihohi suna iya fara abin da ba ya buƙatar sabuwar doka: a zaunar da masu bi gaba ɗaya, a rantsar da wanda ake bi a kan abin da ya mallaka, a raba, a rubuta, a sa hannu, sannan a ware wa waɗanda bashi ya karya kaso daga zakka.

Maƙwabcina dai ya rufe shago. Ya sauya layin waya, ya koma wani gari yana tuƙa adaidaita sahu ta haya, iyalinsa na gidan surukai. Ragowar atamfar da ke shagon, wadda da an raba da kowane cikin mutum huɗun nan ya samu wani abu, wanda ya ba shi hayar shagon ya riƙe ta a kan kuɗin haya.