Tarihin Tibet ba a Beijing aka fara rubuta shi ba

Tun da Xi Jinping ya je Lhasa, babban birnin Tibet, a watan Agustan 2025 ya ce dole addinin Buda na Tibet ya daidaita da tsarin gurguzu raina ke ɓace, ba ma jawabin kansa ba, a'a, yadda masu kare Beijing suka sake tado tsohon zancen nan cewa wai tun fil azal Tibet yankin ƙasar Sin ne, wai kuma gimbiya Wencheng ta daular Tang ta Sin ce ta kai musu addini da wayewa. Har katafaren wasan kwaikwayo ake yi wa ƴan yawon buɗe ido a Lhasa da sunanta.

Eh, an kai wa sarkin Tibet Songtsen Gampo gimbiya Wencheng a 641, babu mai musun wannan. Amma ta yaya aka ba shi ita? Ya nema an hana shi, sai da rundunarsa ta afka wa garin Songzhou a 638 sannan daular Tang ta sauko. Auren sulhu ne tsakanin masu ƙarfi biyu. Su ƴan Tibet ma a tarihinsu suna ambaton wata matar tasa, Bhrikuti daga Nepal, kuma baƙaƙen da suke rubutu da su har yau daga tsarin rubutun Indiya aka samo su, ba na Sinawa ba.

Sannan a 763, zamanin sarkin Tibet Trisong Detsen, sojojin Tibet suka shiga Chang'an, babban birnin Tang ɗin kansa, sarkin Sin ya tsere, suka ɗora wani a kan karaga na ɗan lokaci kafin su janye. Wane lardi ne yake cin babban birnin ƙasarsa ya naɗa sarki? Haba.

Batun addinin ya ma fi fitowa fili. Shi wannan Trisong Detsen ɗin da ya tashi gina Samye, gidan ibada na farko da aka fara horar da malaman Buda ƴan ƙasa, Indiya ya waiwaya, ya gayyato Shantarakshita malamin Nalanda, babbar makarantar Buda ta Indiya, da kuma wani malamin, Padmasambhava. Da saɓani ya tashi tsakanin koyarwar Moheyan ɗan Sin mai cewa wayewar ruhi lokaci ɗaya take zuwa da ta Kamalashila ɗan Indiya mai cewa sai a hankali, da karatu da horon kai, sai aka yi muƙabala wajen ƙarshen ƙarni na 8, kuma abin da litattafan Tibet suka ruwaito shi ne sarki ya bi ɓangaren Indiya. Daga nan suka duƙufa fassara daga Sanskrit, tsohon harshen ilimi na Indiya, aikin da ya sa yau akwai litattafan da asalinsu ya ɓace a Indiya amma suna nan da harshen Tibet. Wannan gumin nasu ne, ba kyautar amarya ba ce.

Wanda duk ke shakka ya je ƙofar gidan ibada na Jokhang a Lhasa, ginshiƙin dutsen yarjejeniyar Tang da Tibet ta 821 zuwa 822 yana nan tsaye, da harsuna biyu, ya shata iyaka ya ce ƴan Tibet su zauna lafiya a ƙasar Tibet, Sinawa a ƙasar Sin. Masu cewa ai an kira sarakunan kawu da ɗan ƴar'uwa don haka biyayya ce, surukuta ce suke son mayarwa mubaya'a. Zancen ikon daulolin Mongol da Qing a kan Tibet kuwa ɗaruruwan shekaru ne bayan daular Tibet ta wargaje da kisan sarki Langdarma a 842, bai goge abin da ya gabata ba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne wa zai karanta dutsen nan gaba. A 2023 ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce yaran Tibet kusan miliyan ɗaya na makarantun kwana na gwamnati inda kusan komai da Mandarin ake koyarwa. A bar yaran nan su koyi harshensu da tarihinsu a hannun malamansu, jami'o'i da gidajen tarihi na waje kuma su daina lanƙwasa gaskiya don tsoron ɓata wa Beijing rai.