Kafin a ce yaro daƙiƙi ne, a duba jininsa

A gidajenmu na Katsina, yaron da ke gyangyaɗi a aji daƙiƙi ne. Mai jegon da ta koma saurin fushi da mantuwa, tana kuka ba dalili, sai a ce iskokai ne ko kishiya ta yi mata asiri. Da wuya a samu wanda zai ja fatar idonta ta ƙasa ya ga ko ta yi fari fat.

Nauyin ƙwaƙwalwa bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na iskar da jini ke rarrabawa. Sinadarin ƙarfe, wanda likitoci ke kira ayon, shi ke ba jini ƙarfin ɗaukar wannan iska. Idan ya yi ƙaranci, sai kasala, jiri, rashin natsuwa da ɓacin rai su biyo baya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da kashi 58 na matan da ke shekarun haihuwa, suna da ƙarancin jini. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki na da hannu, amma abinci ma babban dalili ne. Tuwon masara da miyar kuka tsura na cika ciki, jini kuwa yana nan da yunwarsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne dabarar da muka gada. Da zarar an ce mace ba ta da jini, sai maigida ya shigo da lemon malt da madarar gwangwani. Kuɗin nan da ya sayi hanta ko wake ko zogale, da ya fi. Madara ba ta da ayon kirki, har ma tana rage shigarsa jiki. Haka shayi mai kauri bayan cin abinci. Lemon tsami ko garin ƙwalba na kuka kuwa taimakawa suke yi. Mai cikin da ke kwaɗayin farar ƙasa ma, sau da yawa jikinta ne ke kukan rashin ayon.

Ba ayon kaɗai jiki ke buƙata ba. Sinadarin aidin kuma, tun 1993 aka wajabta sa shi a gishirin da ake sayarwa a Najeriya. Rashinsa na kawo maƙoƙo, ga mai ciki kuma yana iya dakushe basirar jariri tun kafin a haife shi. Gishirin da ke shan rana a buɗaɗɗen kwano a kasuwa, aidin ɗinsa raguwa yake yi.

Dattawa su ma. Bitamin B12 daga nama, kifi, ƙwai da nono ake samunsa. Tsohon da ya fara ruɗewa, ƙafafunsa na dindiris, ba dole ne a ce tsufa ne kawai ba, yana iya zama ƙarancin wannan bitamin ne, musamman mai ciwon suga da ya daɗe yana shan maganin suga na metformin.

Ba cewa nake yi duk damuwa rashin bitamin ke kawo ta ba. Wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Jibiya ko Batsari, ƙwaya ba za ta share masa hawaye ba. Kuma maganin ƙarin jini na 'yan talla ba abin ɗirka ba ne, yawan ayon guba ne ga yara. Addu'a a ci gaba da yi, amma a haɗa da gwajin jini, wanda ko a babban asibitin Daura ana yinsa, sakamako ya fito a ranar.